Jami'o'i bakwai sun fice daga WCHA, an bar Alaska da Huntsville a tasha

Baban Ilham (Mankato), Juma'a 28 ga Yuni, 2019:
Assalamu alaikum jama'a. Masu bin hokin jami'o'i, kun ji abin da ya faru yau? Jami'o'i bakwai cikin goman da ke WCHA, ɗaya daga rukunan gasar hokin jami'o'in Amurka, sun sanar za su tattara nasu-ya-nasu su kafa sabon rukuni, a fara bugawa a kakar 2021-22. Mu ne Minnesota State ta nan Mankato, sai Bemidji State, Bowling Green, Ferris State, Lake Superior State, Michigan Tech da Northern Michigan. Ukun da ba a kira ba su ne Alaska Anchorage, Alaska Fairbanks da Alabama Huntsville. Ko suna ba a raɗa wa jaririn ba tukuna. Ni dai ba zan yi munafunci ba, na ji daɗi. Na gaji da zaman jiran wasa har ƙarfe goma na dare don yaranmu suna can Alaska, ga asuba tana jira. Kuma in muka doke Anchorage ko Huntsville ba abin kirki da yake ƙara mana a lissafi, amma tsautsayi ya sa su doke mu sau ɗaya, sai ka ga mun gangaro kamar an hankaɗo mu daga bene.

Auwalu (Kano):
Wa alaikumus salam. Yaya, a taimaka mana mu na gida. Hokin nan irin wanda ake yi da sanda a kan ciyawa ne? Kuma yaya kulob zai ce ya bar gasa haka kawai, ba faɗuwa ya yi ba?

Baban Ilham:
Auwalu, na ƙanƙara ne, da takalmin sulɓi. Mutum shida-shida har da gola, zango uku, kowanne minti 20. Jami'o'i 60 ne a ajin farko, an raba kusan dukansu rukuni shida. Babu hawa babu faɗuwa irin ta Firimiya, kowace jami'a ita ke zaɓar waɗanda za ta zauna da su, in sun yarda da ita. Ƙarshen kaka 16 ke zuwa gasar ƙasa. Duk wanda ya ɗauki kofin rukuninsa ya wuce kai tsaye, sauran goman kuma wani lissafi ne ke tace su, ana ce masa PairWise, yana duba wa ka doke da kuma ƙarfin wanda ka doke. Rukuni kuma sai ya kai jami'a shida kafin a ba shi wannan gurbin na kai tsaye. To ka ga su ukun nan ba su kai ba.

Ɗan Damagaram (Fairbanks):
Baban Ilham, barka da jin daɗi. Mu nan mari biyu muka sha a rana guda. A yau ɗin nan gwamna Dunleavy ya zaftare wajen dala miliyan 130 daga kuɗin da jiha ke ba jami'ar Alaska, mutane suna ta lissafin wane sashe za a rufe, wa za a sallama. Ba mu gama shanye wannan ba sai ga taku sanarwar. Ba a zauna da mu ba, ba a ce ku zo ga matsalarmu ba. Kun gama shirinku a ɗaki, har da ɗaukar mai ba da shawara, sannan kuka buɗe ƙofa kuka ce mana sai wata rana.

Kuma zancen tsadar tafiya, a riƙa faɗin gaskiya duka. Jami'o'in Alaska biyun nan suna ba baƙi tallafin kuɗin zuwa. Sannan dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ce wasa 34 ne iyaka a kaka, amma wanda aka buga a Alaska ba ya shiga ƙirga. Ma'ana duk wanda ya zo mana ya samu damar ƙarin wasa biyu a gidansa, ya sayar da tikiti ya zuba a aljihu. Wannan ba a sa shi a sanarwa ba.

Maman Nana (Duluth):
Ikon Allah. Baban Ilham, kai ne kuwa? Ka manta ƙaramar sallar 2011 a Minneapolis, da ka hana mu cin tuwon sallah cikin kwanciyar hankali? Kana nuna Baban Nana da cokali kana cewa mu maciya amana ne, mun ga kuɗi mun gudu daga WCHA mun bar ƙananan makarantu su mutu. Har ka ce ba za ka ƙara taka Duluth ba. Yau ga shi kun yi wa wasu irinta sak, har da sanya ta ranar Juma'a da rani lokacin da hankalin kowa ba ya wurin. Laifi tudu ne dai.

Baban Ilham:
Hajiya, ba ɗaya ba ne. Ku kun bar mu ne muna maƙwabta, Duluth zuwa Mankato tafiyar mota ce, ka karya kumallo a gida ka yi azahar a can. Mu kuwa teku da duwatsu ne tsakaninmu da waɗannan.

Maman Nana:
Da kuna tare da su tun 2013 tekun bai zo ba sai bana?

Kawu Bemidji:
Ku dakata yara, bari in ba Auwalu da sauran sababbin zuwa tushen maganar, don in ba a san mafari ba sai a yi ta zagin wanda bai kamata ba.

Duk wannan rikici daga aljihun mutum ɗaya ya taso. A watan Satumba na 2010 wani attajirin iskar gas, Terry Pegula, ya ba Penn State dala miliyan 88 ta gina filin ƙanƙara ta shiga ajin farko. Kafin nan jami'o'in Big Ten, wata ƙungiyar wasanni ta manyan jami'o'i, biyar ne ke hoki: Minnesota da Wisconsin suna WCHA, Michigan da Michigan State da Ohio State suna wani rukunin, CCHA. Penn State ta cike ta shida. Suna cika shida sai Big Ten, wadda take da tashar talabijin tata ta kanta, ta ce 'ya'yana ku dawo gida. An sanar a Maris 2011.

Daga nan kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. North Dakota da Denver suka duba suka ga in Minnesota da Wisconsin suka tafi, da wa za su cika fili? Ranar 13 ga Yuli 2011 a Colorado Springs aka sanar da sabon rukuni, NCHC: North Dakota, Denver, Colorado College, Minnesota Duluth, Nebraska Omaha da Miami ta Ohio. St. Cloud da farko ta nuna kamar ba ta da sha'awa, wata biyu tsakani sai ga ta ta bi su, ita da Western Michigan. Notre Dame ta nufi gabas. CCHA ta watse bayan kakar 2012-13, ragowarta suka shigo WCHA, aka haɗa marayu wuri guda.

Mu a Bemidji abin ya fi yi mana ciwo. Gari ne da bai wuce mutum dubu 15 ba. A 2009 yaranmu suka kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, abin da ba wanda ya yi mafarki. Rukuninmu na lokacin yana gargara, muka yi ta roƙon WCHA ta karɓe mu, gari ya gina sabon fili a bakin tabki, aka buɗe shi a 2010, shekarar da muka shiga. Muna murna North Dakota da Minnesota za su riƙa zuwa mana duk shekara. Ko fentin bai gama bushewa ba aka ce sun tafi. Saboda haka ni yau ba na iya yin dariya. Na san yadda ake ji in aka rufe maka ƙofa kana riƙe da kwanon gaisuwa.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka, Kawu. Amma sunan makarantarku na cikin bakwai ɗin.

Kawu Bemidji:
Yana ciki, ɗana. Da an bar ta a waje ma da yanzu ni da kai muke kuka tare, shi ya sa ban ce ta ƙi ba. Ban kuma ce an kyauta ba.

Injiniya (Huntsville):
Kowa sai Alaska, Alaska. Mu fa? Wannan ne karo na biyu da ake barinmu a titi. A 2009 muka nemi shiga CCHA aka ƙi mu. Rukuninmu, wanda Bemidjin Kawu take ciki, ya rushe a 2010, muka zauna ba uwa ba uba, sai dai mu bi gari-gari muna roƙon a buga da mu. A ƙarshen 2011 har an sanar za a sauke ƙungiyar, mutanen gari suka tashi tsaye aka janye. Da WCHA ta karɓe mu a 2013 mun ɗauka wahala ta ƙare.

Na san abin da za ku ce, wai me ya haɗa Alabama da ƙanƙara. Garin nan garin injiniyoyin roka ne, cibiyar NASA ta Marshall tana nan, mutane sun zo daga arewa da wasansu. Mun ɗauki kofin ƙasa na aji na biyu a 1996 da 1998. Cam Talbot da kuke gani yana tsaron raga a NHL, babbar gasar ƙwararru, daga nan ya fita. Ba jiya muka fara ba.

Bala Sioux (Grand Forks):
Injiniya, da girmanka, shekararku ta farko a WCHA wasa nawa kuka ci? Biyu. A kaka guda. Ni ma da ni ne da na nemi hanyar gudu.

Injiniya:
Yaron da aka yi shekara uku ana ce masa gobe za a rufe gidansu, wane ɗan wasan kirki ne zai yarda ya zo? Ku da wani attajiri ya gina muku fili na sama da dala miliyan 100, da kujerun fata da daɓen dutse, ba za ku gane ba.

Bala Sioux:
To a taya mu da addu'a, ba hassada ba. Ni abin da zan ce, duk wanda ya zagi NCHC a 2011 ya zo ya duba allo. 2016 mu, 2017 Denver, 2018 Duluth, 2019 Duluth. Kofin ƙasa huɗu a jere. Big Ten da ta tayar da ƙurar, da duk kuɗinta da talabijin ɗinta, ko ɗaya ba ta ɗauka ba tun da ta fara a 2013. In kana gogawa da ƙarfafa duk Juma'a da Asabar, kai ma sai ka yi ƙarfi. Abin da su Baban Ilham suke nema ke nan, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ya daina yi mana wa'azi.

Maman Nana:
Kuma a tambaye shi, a 2016 wa ya rubuta takardar neman shiga NCHC ɗin maciya amana? Mankato ce. Aka ce musu ba a faɗaɗawa yanzu. Da an buɗe musu ƙofa da tuni sun bar Bemidji da Michigan Tech ɗin ma.

Baban Ilham:
Hajiya yau da shirinki kika zo. Na amsa, mun nema. Amma ku duba abin da ya same mu. Muna ɗaukar kofin MacNaughton, na zakaran kakar WCHA, kusan kamar gadonmu, mu je gasar ƙasa a fitar da mu a wasan farko. A 2015 mu ne na ɗaya a ƙasa baki ɗaya, RIT ta kore mu. Bana muna gaban Providence da ci uku ba ko ɗaya, aka tashi 6-3. Na kashe talabijin na fita waje ba ko jaket, sai da Ilham ta biyo ni da ita. Har yau ba mu taɓa cin wasa ɗaya a gasar ƙasa ta ajin farko ba. Me ya jawo? Rabin kaka muna buga wasan da ba ya sa mu gumi.

Ɗan Damagaram:
Wato mu muka zura muku shidan? St. Cloud tana NCHC, tana gumi duk mako, ita ma ta ɗaya a ƙasa bana, AIC ta yi waje da ita a wasan farko. Bara kuma Air Force. Nemi wani dalilin.

Bala Sioux:
Kai, a bar St. Cloud ta huta, ba su da wakili a nan.

Auwalu:
Ni fa yanzu na fara ganewa. Amma nisan nan da ake ta faɗa, kamar daga ina zuwa ina?

Injiniya:
Daga nan Huntsville zuwa Fairbanks ya haura kilomita 5,000 a sama. Ya fi Kano zuwa Landan. Kuma rukuni ɗaya muke.

Auwalu:
Tabɗi. To ai ko mu nan da El-Kanemi ta yi shekaru tana buga wasannin gidanta a garin wasu, ba a ce ta bar lig ba. Amma Kano zuwa Landan don wasan ɗalibai, gaskiya Yaya yana da ɗan abin faɗa.

Ɗan Damagaram:
Yana da shi, ban musa ba. Tafiyar da suke yi sau ɗaya ko biyu a shekara suna kuka, yaranmu ita suke yi kusan duk bayan mako biyu, da littattafansu a jaka, suna aikin makaranta a filin jirgi.

Bari in gaya muku abin da wasan nan yake a wurinmu, don wanda yake Minnesota yana da NHL, yana da kwando, yana da komai. Nan a watan Disamba rana ba ta cika awa huɗu a sama. Sanyi ya kai 40 ƙasa da sifili, sai ka jona motarka da lantarki kafin ta yarda ta tashi. Shekarata ta farko na kusa haukacewa, ni da na taso inda rana ke dukan tsakar ka. Wani abokin aiki ya ja ni filin hokinmu na Carlson Center ranar da ake karawa da Anchorage, kofin Gwamna. Na shiga gashin hancina a daskare, gilashina ya yi hazo ban ga komai ba, sai ƙara kawai nake ji, ana dukan katangar gilashi, tsofaffi mata suna ihu kamar a dambe. Ban san dokar wasan ba, amma ranar na fara jin akwai mutane a garin. Yanzu ɗana ɗan shekara takwas da sandarsa yake kwana. Ɗazu ya tambaye ni ko Nanooks, ƙungiyar jami'armu, za su daina wasa. Na ce masa je ka ci abinci.

Maman Nana:
Allah sarki. Allah ya raya shi, Malam.

Baban Ilham:
Amin. Wallahi ban yi don in ɓata maka ba. Amma ka san Anchorage ta fi ku ba da ƙofa. Kakar da ta wuce wasa uku suka ci. Ga shi sun ce za su bar Sullivan Arena su koma ɗan filin cikin makaranta da bai ɗaukar mutum dubu. Ferris da Lake State su ma ba masu kuɗi ba ne, kowa ta kansa yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Damagaram:
To a hukunta Anchorage, mu me muka yi? Ko da yake in aka kashe su mu ma an kashe mu, da wa za mu yi faɗa? Ban taɓa zaton zan wayi gari ina yi musu addu'a ba.

Kawu Bemidji:
Abin da nake kewa ni, ba ma kofi ba ne. Final Five ne, gasar ƙarshen kakar WCHA, a St. Paul. Duk Maris sai mu cika mota mu gangara, kwana uku. Titin da ke gaban filin Xcel ya cika da riguna kala-kala, kore na North Dakota, ja na Wisconsin, ruwan goro da ɗorawa na Minnesota, har da waɗanda makarantarsu ba ta zo ba, sun zo ne kawai su ga an doke Gophers, wato Minnesota. Wajen mutum dubu 18 a ciki. Wata shekara na zauna kusa da wani tsoho daga North Dakota, ya yi ta ba ni labarin yadda a zamaninsu suke ɓoye mushen ɓeran daji, wato gopher ɗin da ake kiran Minnesota da sunansa, a cikin riga su wurga kan ƙanƙara in sun ci Minnesota, yana dariya har da hawaye. Bayan 2013 aka raba taron gida uku, kowanne ya koma rabin fili ba kowa. Big Ten da WCHA duk sai da suka haƙura suka mayar da wasanninsu cikin makarantu. Je ka Mariucci, filin Minnesota, yanzu ran da Minnesota ke karɓar Penn State ka ƙirga kujerun da ba kowa. Rukunin da ya faro tun 1951 ne fa ake yi wa wannan yankan ƙauna.

Bala Sioux:
Nan kam Kawu na sallama. Na fi son in doke Gophers sau ɗaya da in doke Miami sau goma. Har yau in na tuna 2014, saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya a tashi suka zura mana, kuma su ne da mutum ɗaya a waje, sai in ji abinci ya fita raina. Yanzu sai a yi sa'a a haɗu sau ɗaya ko biyu a shekara.

Maman Nana:
Kun cika mu da zancen maza. Sunan WCHA ba zai mutu ba ko duk kun watse, don rukunin mata yana nan, kuma shi ne mafi ƙarfi a ƙasar. Wasan ƙarshe na bana Wisconsin da Minnesota ne, duka 'yan gida. Nana tana tsaron raga a ƙungiyar 'yan ƙasa da 12, su take kallo, ba ku ba. Kai kuma Bala da kake ta ƙirga mana kofuna, a 2017 makarantarku ta rufe ƙungiyar mata, bayan shekara guda tagwayen Lamoureux da suka fito daga cikinta suka ciyo wa Amurka zinare a Olamfik. Wannan ma a sa shi a allon.

Bala Sioux:
Hajiya na tuba. Ki koma kan Baban Ilham.

Injiniya:
Tambaya ta gaskiya: akwai wanda yake ganin rukunin Atlantic Hockey zai karɓe mu? Don zaman kai kaɗai mun ɗanɗana shi. Daga Janairu kowa yana cikin wasannin rukuninsa, ba mai lokacinka, ba kuma mai son zuwa gidanka.

Bala Sioux:
Arizona State ba ta da rukuni kuma ta je gasar ƙasa bana.

Injiniya:
Arizona State ɗalibanta sun fi mutanen wasu garuruwan nan yawa, kuma wa zai ƙi zuwa Arizona a watan Janairu? Kar ka haɗa mu.

Ɗan Damagaram:
Mu dai dokar wasa 34 ɗin nan ita ce 'yar igiyar da za mu riƙe, ko ba rukuni wasu za su zo don ita. In jami'ar ta rage ke nan.

Baban Ilham:
Saura kaka biyu dai muna tare. Malam, duk ran da Nanooks suka zo Mankato, in ka samu hali ka biyo su kai da yaron, masauki da tikiti a wuyana. Maman Ilham ta iya fura, har gero muke samu.

Ɗan Damagaram:
Zan duba kuɗin jirgi. Amma ka sani da rigar Nanooks za mu zauna, a tsakiyarku, kuma yaron nan ba ya da birki a baki.

Maman Nana:
In an sa rana a gaya mana mu ma mu gangaro. Baban Nana ya ce a tambayi Baban Ilham ko rantsuwar 2011 ta hana 'yan Duluth shiga gidansa, ko shi kaɗai ta hana zuwa namu.

Baban Ilham:
Ku zo, amma ya bar zancen kofi biyun nan na Duluth a mota.